Kwalbar da Na Liƙa wa Sunan Ƙarya

Daga admin: wani dattijo ne ya aiko da wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. A yi sharhi da ladabi.

Ina gaishe ku duka, manya da yara, Kirista da Musulmi. Don Allah ku ba ni shawara. Shekaruna saba'in da huɗu, ban taɓa kai maganar gidana gaban jama'a ba sai yau. Sunayen da za ku gani na canza su, sauran kuwa duk yadda ya faru ne.

Ni tsohon hedimasta ne, kuma dattijo a ikkilisiyarmu a nan Kafanchan. A makarantar mishan na tashi, inda aka koya mana cewa kowane abu da wurinsa, kowace kwalba da sunanta. Haka na riƙe gidana. Gishiri, kananzir, maganin ciyawa, maganin ɓera, babu robar da ba ta ɗauke da takarda mai rubutun hannuna. Na taɓa tuttular da jarkar manja guda a kwata domin ba a rubuta mata suna ba, matata Saratu ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Na faɗi wannan ne domin ku san irin mutumin da ya aikata abin da zan faɗa.

Bara, ku gafarce ni da kalmar, fitsari ya fara matsa mini ba shiri. Wata Lahadi ina tsaye ina karatun nassi, sai da na yanke a tsakiya na fita da sauri, ban kuwa kai ba. Doguwar kwat ɗina ce ta rufa mini asiri. Ni ne fa na yi shekara talatin da biyar ina hana yara fita daga aji sai an kaɗa ƙararrawa. Na tafi asibiti a wani gari inda ba a san ni ba. Likita ya gwada ni, ya ce mafitsara ce take matsewa tun ba ta cika ba, ya rubuta ƙwayoyi. Mai ba da maganin, yarinya sa'ar jikata, ta zaunar da ni ta yi mini gargaɗi: a bar shi cikin kwalinsa, kada a ba kowa, yana busar da baki, yana dusashe gani, yana hana zufa, saboda haka a guji tsayuwa cikin rana, kuma yakan rikita tunanin tsofaffi. Na rubuta duka a littafin aljihuna, na sa musu lamba ɗaya zuwa shida.

Da na dawo gida sai na lura akwai zanen mafitsara a jikin kwalin. Rifkatu, matar ɗana Bulus, tare muke zaune domin mijinta yana aiki a Kaduna. Ita ke share ɗakina, ita ke ba Saratu maganin hawan jini kowace safiya. Na ji ba zan iya jure ta ga wannan zanen ba. Na ɓare ƙwayoyin, na ƙone kwalin da takardar cikinsa, na zuba su a wata ƙaramar kwalba. Amma kwalba marar suna a gidana ta fi ƙararrawa jawo hankali. Sai na yanko takarda, na ɗauki alƙalami, na rubuta da mafi kyawun rubutuna: Bitamin, ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Mako uku na sha, bakina ya riƙa bushewa har harshe yana manne mini a wajen karatu. Na daina ba tare da na koma wurin likita ba, wannan laifi na biyu ke nan. Ban mayar da sauran ga masu magani ba, na tura kwalbar bayan littattafai a kabad, na manta da ita.

A watan Afrilun bana aka shiga shukar citta a gonarmu ta wajen Kwoi. Saratu, duk da shekarunta sittin da tara, ba ta yarda a rufe kunyoyin shukar da ciyawa sai tana tsaye a kai. A makon shukar na ga tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana cewa idonta na hazo, ta sa gishiri sau biyu a miya, har ta kira Rifkatu da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ni da alamun nan suke rubuce a aljihuna, faɗa na yi mata a kan sakaci. Ranar Alhamis da tsakar rana ta yanke jiki ta faɗi a gona. Matan da ke aiki sun ce jikinta ya yi zafi kamar dutsen murhu, babu ɗigon zufa. A asibiti likita ya tambayi magungunan da take sha, na ce na hawan jini ne kaɗai, kuma a lokacin haka na sani.

Washegari na koma gida in ɗauko mata zane da tabarau. A cikin jakar hannunta, tsakanin hankici da littafin waƙoƙi, na ga kwalbar. Ƙwaya huɗu suka rage. Na zauna a bakin gado na daɗe, sannan na sa ta a aljihu na koma asibiti da zanen.

A ranar babbar 'yarmu Talatu ta iso daga Abuja. Ba ta ko ajiye jaka ba ta yanke hukunci cewa Rifkatu ce take ninka wa Mama maganin hawan jini. A barandar asibiti, gaban mutane, ta ce an ba 'yar ƙauye aikin da ya fi karatunta, har ta yi habaici cewa wanda ya gaji da hidimar tsohuwa ba ya rasa dabara. Rifkatu ba ta rama ba. Ta aika aka ɗauko littafin da take sa alama duk lokacin da ta ba da magani, littafin da ni da kaina na ja mata layukansa da rula. Ta durƙusa ta miƙo mini, ta ce, "Baba, kai ka koya mini. In na yi kuskure, nuna mini layin."

Kwalbar tana aljihuna na hagu. Na duba agogo, na ce a bar maganar sai an sallami marar lafiya. Duk wanda ya san ni ya san ban taɓa ganin daidai na ƙi cewa daidai ne ba, saboda haka shiruna ya zama shaida a kanta. Da aka sallami Saratu, Rifkatu ta gyara gida, ta jera magungunan a tire tare da littafin, ta gaishe ni yadda ta saba, ta ɗauki goyonta ta tafi gidan iyayenta a Nok. Yau kwana goma sha ɗaya. Mahaifinta ya aiko cewa zai zo ranar Lahadi bayan sujada, iyalan biyu su zauna. Talatu ta ce sai yarinyar ta nemi gafara kafin ta sake taka gidan, Bulus kuma ya bugo waya ya ce duk abin da na yanke shi ne, domin Baba ba ya son kai. Likita ma yana jiran mu ranar Litinin, yana maganar canza wa Saratu magani da gwajin ƙwaƙwalwa, domin har yanzu bai san abin da ta sha ba.

Jiya Saratu tana zaune a inuwa tana gyaran wake, ta tambaye ni ina bitamin ɗin nan, jikinta babu ƙarfi. Na ce me ya sa ta sha abu ba ta tambaye ni ba. Ta yi dariya ta ce ta kama ni ne ina rowa, tsoho ya ɓoye abin ƙarfi a bayan littattafai yana sha shi kaɗai. Sannan ta ce, "Malam, shekara arba'in da bakwai ina karanta rubutunka. Yaushe ya taɓa yi mini ƙarya?"

Na ce mata ya ƙare.

Ban zo tambayar ko in faɗi gaskiya ba, wannan tun ina aji ɗaya aka koya mini. Likita zan kai masa kwalbar da littafin aljihuna. Abin da ya gagare ni shi ne sauran. In hau mota ranar Asabar in tafi Nok, in roƙi Rifkatu a gaban mahaifinta, ko in jira taron Lahadi? Tun da a gaban mutane aka ci mutuncinta, roƙon gafara a ɓoye zai wanke ta? Zuciyata tana ba ni shawara in ce kawai maganina ne, kada in ambaci ciwon, amma na san Talatu, sai ta tambayi dalilin da na rubuta bitamin, kuma ina tsoron wannan shawarar daga wurin da shawarar liƙa sunan ƙaryar ta fito ita ma ta fito.

Kwalbar tana gabana a kan tebur. Na ɓare tsohuwar takardar, na yanko sabuwa, tun safe alƙalami yana hannuna ban rubuta komai ba. Masu shekaru irin nawa, da ku matan da kuke zaune da iyayen miji, ku gaya mini ba tare da jin nauyin furfurata ba: ƙofar wa zan fara ƙwanƙwasawa, ta yarinyar da na bari ta ɗauki laifina, ko ta matar da har jiya take gaskata rubutuna?