Hodar da ta shafe tsagata

Daren Laraba, Tanut.

Yau jikata Zuwaira ta shafa mini hodar nan mai ruwa, fondetan, wai in yi kyau tunda ɗana Mamman zai kira ta bidiyo daga Libiya. Ta bi da soso har tsagar kumatuna ta ɓace. Na ce, "Ke 'yar nema, yaɓen gini kika koyo?"

Da aka kira, ɗana ya dube ni ya ce, "Sannu Hajiya, ina Inna?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Shekara bakwai rabonsa da ni. Tsagar nan yake bi da yatsa yana jariri.

Na tashi wankewa, kafin in dawo rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Ga ni zaune da wayar, fuskata a wanke.