Kaso Goma Aka Ba Sitona

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Yara lau suke. Ƙaramar ma ta rantse girkina yafi naki, kuma ban tilasta ta ba, alawa ɗaya kawai na bata.

Ƙara na kawo miki, ƙarar ƙaninki Dogo. Kin san ni na riƙo hannunsa na kawo shi kamfanin nan na aika kaya, lokacin ko kwali bai iya ɗaurewa ba. Yanzu shine mai ofishin motoci. Ni ina sitona, shekara goma sha huɗu, ko allura bata taɓa ɓata a hannuna ba.

Ga abinda ya faru. Rumbun bayananmu na kwamfuta guda uku ne: nawa na sito, nasa na motoci, sai na masu amsa waya. Ashe duk ukun a faifai ɗaya suke zaune, cikin ɗakin nan mai sanyi da ba a bari a shiga da shayi. Kamar gida uku ne da famfo ɗaya. Da safe kowa ya buɗe, sai ruwa ya koma ɗigo. Shine Malama mai kwamfuta ta raba ƙarfin. Motoci kaso sittin, waya talatin, mijinki goma.

Na je na same ta nace ko an manta waye babba a gidan nan. Tace faifai bai san shekaru ba, mota ce ke da lokacin tashi, kwali kuwa yana iya jira. Yanzu in na danna, ɗan zoben nan zai yi ta juyi a allo har in sha shayi in wanke kofi. Dogo kuwa ko tari yayi takarda ta fito. Jiya ya leƙo ta taga wai, "Yaya, in ara maka kaso biyar kaji yadda iska take?" Nayi dariya, amma ta ciki na ciki.

Abinda yafi cina, ƙarshen wata Manaja zai haɗa sito da motoci ƙarƙashin mutum ɗaya. Wa zai ɗauki mai kaso goma? Amma bar ni dasu, kin san kan mijinki ba na ɗaukar hula kaɗai bane.

Ki gaida Inna da kyau.

Naki har kullum,
Sarkin Sito

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, ina fata kina zaune, don labarin nan ba na tsaye bane.

Na samu Manaja nace ina da babban binciken kaya, a bani sittin ɗin na safiya ɗaya tak. Ya sa hannu. Malama ta juya lambobin, ni sittin Dogo goma, tace in yi a hankali, in nemi bayanan wata ɗaya kawai. Nace to.

Ranar na sa sabuwar rigata. Na danna, abu ya fito kafin in ɗage yatsa. Daɗi ya kwashe ni, nace bari in nuna musu tarihi. Na nemi duk kwalin da ya taɓa shiga sitona tun ranar da na fara aiki. Injin ya kama gurnani, ni ina kaɗa ƙafa, ina hango Dogo ta taga yana kallon zobe na juyi. Wallahi rabon da inji sanyi a raina haka tun ranar aurenmu.

Abinda na manta, kwali baya barin sitona sai takardar hanya ta fito daga ofishin Dogo. Takarda bata fito ba. Mota tara suna tsaye, direbobi na ta oda, kayan safe kuma suna ta shigowa. Kafin ƙarfe goma kwalaye sun toshe ƙofata, ina ciki. Ta taga aka miƙo min ruwa. Sai da Malama ta kashe binciken nawa sannan motoci suka motsa.

An ba Dogo kujerar sito da motoci. Da ya yi min dariya ma da sauƙi. A'a, tashi yayi gaban Manaja yace ni na koya masa komai, kuma daga yau a bani sittin ɗin kullum daga ƙarfe biyu, bayan motoci sun fita. Malama tace dama abinda zata faɗa min kenan da na tsaya na saurara. Yanzu kwamfutata gudu take kamar barewa, amma duk dannawar da zanyi sai na tuna kyautar yaron da na koya wa ɗaure kwali ce.

Na san shima ya rubuto miki albishir. Ki taya shi murna, jininki ne, ban hana ba. Roƙona ɗaya: in kin zauna bada amsa, ki fara da tawa, tasa ta jira.

Naki, mai kewarki,
Sarkin Sito na bayan ƙarfe biyu