Layi Ɗaya a Waya Ya Rufe Mana Ɗakin Karatu

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Unguwarmu, Limancin Kona, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, ni ne Garba mai walda. A aji uku na bar sakandare, na koyi sana'a a Gyallesu, na buɗe shago, na gina gida, na aurar da 'ya'yana, ba wanda ya ɗaga mini ko tsinke. Ɗakin karatun da ke jikin masallacinmu ni na tayar da shi, bencuna da kantocin littattafai duk aikin hannuna ne. Ga kukana.

Na ɗaya. A da, bayan la'asar, mutum ɗaya ke ɗaukar jarida ya karanta labari a fili tun daga farko, ba mai tofa baki sai an kai ƙarshe. Dokar ɗakin ke nan. Tela, malamin makaranta, mai goro, kowa ya bi ta.

Na biyu. Da wayoyin nan suka shigo, ana tsakiyar karatu sai ka ji waya ta yi ƙara, kawuna duk sun sunkuya. Mutum ya ga layi ɗaya, ya ɗago yana ba da labari kamar a gabansa aka yi. Na roƙi a riƙa barin wayoyi cikin kwando a bakin ƙofa, aka ce Garba ya tsufa.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Kanun labari ya faɗo wa 'yan kwamitinku a waya cewa za a rushe ɗakunan da aka jingina da masallatai. Ranar kuka kwashe littattafai a buhuna, kuka garƙame ƙofa. Ni na buɗe labarin na karanta har ƙasa: wata jiha ake nufi, ba tamu ba. A cikinku ba wanda ya danna ya shiga. Damina ta riski buhunan a zaure mai yoyo, gara ta ƙarasa. Yanzu kuma na ji mai cajin waya za ku ba ɗakin.

Ban nemi diyya ba. Ku bar benci ɗaya da kanta ɗaya, ko Allah zai kawo mai karatu. Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama lafiya.

Sannan, ko me za ku yi da ɗakin, a rubuta a saman ƙofarsa da fenti, manyan baƙaƙe: Garba mai walda ne ya gina nan domin karatu.

Wassalam.