Jimla ta Biyar

Daren Laraba, Mpape

Barci ya ƙi zuwa. Bayan magariba jikata Ummi ta baje littafin Turanci a tabarmata, wai an ce su rubuta jimla biyar, su ja layi ƙarƙashin abin da aikin kowace jimla ya faɗa a kansa. Na ce ta fassara mini, ni bokona a aji uku ya tsaya.

"Na ga Baba. Na gaishe shi. Ina son karatu. Ina son in zama likita."

Na ce, "Ke mai kan kwakwa, har karatu ya samu layi, ni da na goya ki ban samu ba?"

Ta rufe shafin da hannu. Sai da na yi mata cakulkuli ta saki, ta karanta a hankali: "Na ji Kaka za ta koma ƙauye bayan Sallah." Dogon layi ta ja, tun daga sunana har ƙarshe.

Ashe sabon gidan da ɗana yake ginawa babu ɗakina. Ɗazu ma da fara'a ya gaishe ni.

Ummi ta ce, "Kaka, in goge?"

Na ce ta bari, kar malama ta rage mata maki.