Tayoyin Bayan Islamiyya da Ƙafafun Rukayya

Zuwa ga Shugaba da Dattawan Kwamitin Islamiyyarmu ta Asabar, McLeansville, kusa da Greensboro, Amurka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan an wuni lafiya, ni ce mahaifiyar Rukayya, yarinya 'yar shekara takwas da ke ajin Malama Hadiza. Na zaɓi in rubuta a fili, inda duk iyaye za su karanta, domin sau biyu ina faɗa a ɓoye ana ce mini za a duba. Har yau ana dubawa.

Na farko. Tun da zafi ya shigo a watan Mayu, babu Asabar ɗin da Rukayya ta dawo gida da ƙafafun da ta tafi da su. Jikinta ba ya ɗaukar cizon sauro. Inda wani yaro zai yi susa ya manta, ita kumbura take yi har takalmi ya ƙi shiga. A watan jiya nas ɗin makarantarsu ta boko ta kira ni daga wurin aiki, ta tambaye ni cikin ladabi ko a waje muke kwana. Na ce a'a, karatun Alƙur'ani take zuwa. Na ji kunya.

Na biyu. Na zagaya bayan ginin Islamiyyar da kaina. Na tarar da tsofaffin tayoyin da Alhaji mai ginin ke tarawa don ya cika kwantena ya aika gida, an jera su jikin tagar ajin yara. Na leƙa guda goma sha biyu, kowacce da ruwan sama a ciki, ruwan kuma yana motsi da 'ya'yan sauro. Na tarar da butocinmu na alwala, waɗanda ake bari cike da ruwa daga Asabar zuwa Asabar, su ma da masu haya a ciki. Na san Alhaji kyauta ya ba mu wurin, Allah ya saka masa da alheri, kuma na san dalilin da ya sa kowa ke kallon tayoyin nan ya kau da kai ke nan. Amma alherin Alhaji daban, ruwan da ke cikin tayarsa daban.

Na uku, wanda shi ne ya sa na ɗauki biro. Da na kai kuka, kwamiti ya zauna, ya yanke shawara a sa wani mai dawowa daga Maraɗi ya taho da gidajen sauro. Sun iso, masu kyau ne ƙwarai, har da masu feshin magani. Ina roƙon a sanar da ni inda za a ɗaura su. Karatu ƙarfe goma na safe ake farawa, a tashi da azahar, kuma a iya sanina babu yaron da ke kwana a wurin. Sauron garin nan ba irin namu na gida ba ne mai jiran a kashe fitila. Ƙarami ne, baƙi mai zanen fari, da rana tsaka yake aiki, kuma idon sawu yake nema. Mun yi wa cutar Greensboro maganin Maraɗi.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini in kwantar da hankalina, ai sauron Amurka ba ya sa zazzaɓin cizon sauro, da sanyi ya shigo kuma zai mutu. Gaskiyarsa, zai mutu wajen ƙarshen Oktoba. Sai dai mahaifin Rukayya ba zai jira Oktoba ba. Ya ce in watan nan ya ƙare ba a kwashe tayoyin ba, zai sa ta ƙwallon Asabar tare da yaran unguwa. Saura mata surori huɗu ta kai Sabbi, kuma ajin nan ne kaɗai inda take jin Hausa a bakin wanda ba ni ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A samu wanda bakinsa ke kaiwa ga Alhaji ya roƙe shi a shigar da tayoyin cikin rumfa, ko a zubar da ruwansu a lulluɓe su da tamfol. A riƙa kife butoci bayan sallah. A gaya wa iyaye su shafa wa yara maganin sauro, su sa musu dogayen safa. In hannu ake nema, mu mata mun shirya, a ba mu izini kawai.

Asabar biyu ke nan Rukayya ba ta zo ba, kuma babu wanda ya kira ya tambaya. Wadda ta wuce, na fito ɗaki na same ta a bakin ƙofa da hijabinta da jakarta, ta sa safa biyu a kowace ƙafa. Ni ce na ce mata ta je ta cire.

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, ya albarkaci kasuwar Alhaji, ya sa kwantenarsa ta cika da wuri.

Wassalam.

Taku,
Maman Rukayya.