Ƙarfen da Na Zuba Muku da Hannuna

Yako, Ƙaramar Hukumar Kiru,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Mujitaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kare ka daga sharrin baƙon wuri, ya sa albarka a nemanka. Yaya Fatakwal da ruwan samanta da ba ya gajiya? Mu nan mun gode Allah. Inna tana nan, gwiwar ce dai ke taɓa ta in gari ya yi sanyi, amma ba ta hana ta faɗa ba. Ramla da yara lafiya lau. Masara ta shigo gida, ta yi kyau fiye da bara, shinkafar fadama ce kawai muka makara da yankanta, za ka ji dalili a ƙasa.

Na san za ka yi dariya ka ce Yaya Sagiru ya koma zamanin da, ga waya a aljihu yana rubuta takarda. Sau uku ina kiranka da niyyar faɗa maka abin da ke cikin nan, bakina yana ƙin buɗuwa. Kai kuma ka san halinka, mutum bai kai aya ba ka ce ba damuwa, ka kashe. Shi ya sa na ba direban motar albasa ya miƙa wa Kawu Ɗanliti, shi kuma ya damƙa maka hannu da hannu. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe.

Mun yi ta ce maka Garzali na fama da ɗan ciwon baya. Ba gaskiya muka faɗa maka ba. Inna ce ta ce kada a tayar maka da hankali kana nesa, muka bi maganarta. Yau wata biyu ke nan yayanka bai tsaya da ƙafafunsa shi kaɗai ba. A kwance yake salla. Mutumin da ke saɓa buhun masara kamar ya ɗauki filo, yanzu sai matarsa Bahijja ta tallafe shi kafin ya juya a kan katifa. Kuma ina da hannu a ciki, hannun nan dai da nake rubutu da shi.

Ka tuna shekara uku da suka wuce, da ku biyun kuka matsa mini in zuba muku ƙarfen motsa jiki irin wanda kuka gani a waya? Na samo bututun ruwa guda biyu da robobin fenti, da ragowar siminti daga wani gini da na gama a Ba'awa. Ka san yadda ake yi, gefe ɗaya ake fara zubawa, a bari ya bushe, sannan a juya a zuba ɗayan. Ranar farko na zuba gefe ɗaya na kowane bututu da siminti da tsakuwa. Da na dawo bayan kwana biyu tsakuwa ta ƙare, ni kuma ƙyuya ta hana ni zuwa neman wata. Sai na tattaro guntayen rodi da tsofaffin ƙusoshi da wani fasasshen ƙarfen injin niƙa, na cusa a robobin, na rufe da siminti. Da suka bushe girmansu ɗaya, sumul, ba ka ce akwai bambanci ba. Mu magina da ido muke awo, ido kuwa ya san tsawo da faɗi, bai san nauyi ba. Na ɗaga ɗaya na ji ya ɗan rinjaya, na ce a raina ai ba gini ba ne, ba zai faɗo wa kowa a ka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunayen. Tun simintin gefe na biyu yana ɗanye na sa ƙusa na rubuta wa kowa sunansa, don kada ku yi rigima. Garzali kuwa duk sanda zai ɗaga sai ya juya sunansa ya koma hannun dama, ya yi bismilla, wai abin arziki da dama ake fara shi. Shekara uku cur nauyin yana janye shi gefe guda. Ya sha faɗa mini cewa hannunsa na dama ba shi da ƙarfi kamar na hagu, ya ƙara dagewa don ya gyara shi. Mu kuma muna tsokanarsa, muna ce masa karkataccen jirgi. Ni da na san abin da ke cikin robar, har da ni ake dariyar.

Ga yadda abin ya faru. A makon da aka fara kwasar masara, ya wuni yana ɗaukar buhuna daga gona zuwa mota. Washegari da aka idar da sallar asuba, jiki duk a sanƙare, ya wuce gindin darbejiyar bayan gida inda abokansa ke taruwa. Ba tafiya, ba miƙa, kai tsaye ya nufi ƙarfen. Wani ya ce masa ai ƙarfen ya yi masa kaɗan yanzu, sai ya ɗaura bulo biyu da igiya, ɗaya kowane gefe. Ya sunkuya ƙafafu a miƙe kamar mai noma, ya fizgo da baya. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙara, shi kuma ya saki ƙarfen ya durƙusa. Da suka kama shi sai ya ture su, ya ce jijiya ce ta harɗe, yanzu za ta saki.

Daga nan muka yi abin da kowa ke yi a nan. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Aka kai shi wurin wani mai ɗori da ya kwantar da shi rub da ciki ya taka bayan da dunduniya, ya ce ƙashi ne ya goce, ya mayar. Ya sayo ƙwayoyin kashe zafi a kemis yana haɗiya biyu biyu, ya ɗaure ƙugu tamau da tsohon rawanin Baba. Da zafin ya lafa ya ɗauka ya warke. Kwana huɗu tsakani ya saɓa injin ban ruwa a kafaɗa ya nufi fadama. Wajen saukewa ya murɗa jiki maimakon ya juya ƙafa, ya faɗi tare da injin. A amalanke aka dawo da shi gida.

Ko a nan ma ba mu farga ba. Ya ce ƙafarsa ta dama ta yi nauyi, ba ya jin yatsun, muka ce sanyi ne, aka ci gaba da gashi da ruwan zafi. Kwana tara muna haka. Sai da Bahijja ta same ni a zaure, kanta a ƙasa, kunya kamar ta nutse, ta ce mini tun shekaranjiya fitsari ke zubo masa bai sani ba, kuma ya hana ta faɗa wa kowa. A ranar muka ɗauki shatar mota zuwa Kano. Da aka yi hoto, likita ya ce akwai wani faifai mai taushi tsakanin ƙasusuwan gadon baya, nasa ya fashe ya danne jijiyoyin da ke sauka ƙafa. Ya tambaye ni yaushe fitsarin ya fara kufcewa, na faɗa masa. An yi aiki. Fitsarin ya ɗan daidaita, amma ƙafar dama jan ta yake yi, kuma babu wanda ya yi mana alkawarin za ta dawo.

A can asibitin ne wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta tambayi Garzali irin ƙarfen da yake ɗagawa, ko an taɓa auna shi. Ya ce ba a taɓa ba. Da na dawo gida na sa zarto na raba bututun Garzali gida biyu, na ɗora a babur na kai wurin masu awon masara. Gefen tsakuwa kilo goma sha tara. Gefen da ke da sunansa kilo ashirin da shida. Mai sikelin ya tambaye ni ko lafiya, don ya ga na zauna a ƙasa. Na koma na faɗa wa matar nan, ta ce ba ƙarfen kaɗai ba ne, har da sunkuyon, da rashin hutu, da ƙwayoyin da suka rufe wa jiki baki. Na san tana so ta sauƙaƙa mini ne, kuma gaskiya ta faɗa, amma ban ji sanyi ba. Tun ran gini ran zane, ni kuwa ranar ginin na ɓata.

Mujitaba, naka tagwayen nasa ne. Rana ɗaya na zuba su, da guntayen rodi iri ɗaya. Kai ka dage sai an ɗora maka shi a motar kaya da za ka tafi. Hoton bidiyon da ka turo wa Ramla makon jiya, wanda kake ɗagawa ba riga abokanka na kirari, na kalle shi ya fi sau goma. Sunanka yana hannun dama. Kafaɗarka ta dama tana ƙasa, ƙafafunka a miƙe, bayanka a lanƙwashe, sak Garzali. Ga shi Kawu ya ce aikin lodin buhunan shinkafa kake yi a kasuwa tun safe har la'asar. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ba zan ce ka daina motsa jiki ba, na san ba za ka ji ba, matar nan ma ta ce bayan da ake motsawa da hankali ya fi na mai zaman banza lafiya. Amma wannan ƙarfen ka fasa shi yau, kada ka ba kowa kyauta. In za ka ɗaga, ka nemi wanda aka auna, gefe da gefe daidai. Ta nuna mana da kanta yadda ake yi, ina tsaye ina kallo kamar ɗan makaranta. Ta ce kafin a taɓa nauyi a yi tafiya ko ɗan gudu har jiki ya ɗumama, musamman da sassafe da baya ke a sanƙare. Ka matso da kayan jikinka har su kusa taɓa ƙwauri, ka lanƙwasa gwiwa, ka tura ƙugu baya, ka ɗaure ciki, bayanka a miƙe, cinya ce za ta tashi da kayan. Ba fizga. In za ka juya da buhu a kafaɗa, ƙafa ce ke juyawa, ba ƙugu ba. Ta ce rawani ko bel a ƙugu ba ya mayar da sunkuyon banza ya zama daidai, sai dai ya ba mutum ƙarfin halin da zai cuce shi.

Nauyi kuma kaɗan kaɗan ake ƙara shi, ba don wani ya yi maka kirari ba. Masu kirarin nan na gindin darbejiya sun zo dubiya sati na farko, yanzu sai ɗaya ɗaya, kowa na gonarsa. Ranar da ka wuni kana lodi, ka riga ka ɗaga rabonka, ka bar jiki ya huta. In baya ya yi maka tsami ka saurara masa, jiki magayi ne, kada ka toshe masa baki da ƙwaya ka koma aiki. In kuwa zafin ya sauka ƙafa, ko ka ji ta mutu, ko fitsari ya canza maka, kada ka kwana, kada ka ji kunyar kowa, ka tafi asibiti. Kwana taran da muka yi muna gashi da ruwan zafi, su nake ƙirgawa kullum.

Sai shekaranjiya na iya faɗa wa Garzali maganar awon. Na shiga ɗakinsa da niyyar ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ashe hannun nasa lafiyarsa ƙalau, ya ɗan yi murmushi, ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya yafe mini. Ban gama share ido ba ya tambaye ni ko na gaya maka. Na ce tukuna. A nan ne ya ɗaga murya, karo na farko tun da ya kwanta, ya ce me nake jira, sai an kawo na biyu a amalanke? Wannan takardar tasa ce, ni dai rubutawa na yi.

Jiya na sa guduma na farfasa simintin. Dokin ƙofar ɗakinsa ya yi tsawo ga mai jan ƙafa, sai na zuba ɓaraguzan a wurin na yi masa gangara na shafe da siminti, don ranar da zai fara fita da sanda. Wannan karon na sa igiya da ma'auni, sau uku ina dubawa.

Ka gaishe mini da Kawu Ɗanliti da kyau, ka ce na gode da ɗawainiya, da Gwaggo Uwani da yaranta. Inna tana sa maka albarka, ba ta san na rubuta ba, ni zan ji da faɗanta. Ramla da Bahijja suna gaisuwa. Ka sa Garzali a addu'a.

Shi ma ya ba ni saƙo. Ka san 'yarsa Rufaida ta saba yana cilla ta sama yana cafewa. Har yanzu kullum da safe sai ta je bakin katifarsa ta miƙa hannu biyu, ta tsaya tana jira, shi kuma ya juya fuska bango. Ya ce in ka zo da Salla kai za ka ɗaga masa ita, don haka ka zo da bayanka lafiya.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Sagiru Uba Yako.