Shanun Surukina a Lambun Gwamnati

Malam Gide, don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma kada ka buga sunana. Na san duk wanda ya san Faskari zai gane ni, amma dai a rufa mani asiri gwargwadon iko.

Ni ne shugaban ofishin lambuna da wuraren shaƙatawa na yankinmu. In ba ka taɓa jin wannan ofis ba, ba laifinka ba ne, ni ma ban taɓa jin shi ba sai ranar da aka ba ni shi. Tun da kuɗin man fetur suka shigo, manyanmu na Kaduna suka lura talaka ba ya hutawa yadda ya kamata, gindin bishiya kawai yake zama kamar wanda bai waye ba. Sai aka ce a yi mashi lambu irin na Turai. Uku ne a hannuna. Na Kankara akwai famfon da aka ce zai riƙa feshin ruwa sama, har yau ko yawu bai tofa ba. Na Sabuwa allo ne da shinge, ciki sai ƙaya. Na Faskari shi ne abin alfaharina. An sare tsamiyoyi da ɗorawar da ke wurin aka dasa furanni, aka gina kujerun siminti da ba mai iya zama a kansu in rana ta take. Akwai lilo na ƙarfe, amma na hana yara hawa don kada fenti ya goge kafin ranar buɗewa. Irin ciyawar kau ta jirgin ruwa aka kawo shi, ga injin ban ruwa. Yanzu da rani ya yi tsakiya, ko'ina ya bushe ƙayau, wurin nan kaɗai ke kore shar. Gaskiya a kan tsohon burtali aka yi shi, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi, amma ai ba ni na zana taswirar ba.

Doka ta ce duk dabbar da ta shiga a kama ta, mai ita ya je gaban alƙali. Ni kau na riƙe dokar nan da hannu biyu. Awakin wata tsohuwa mai ƙosai, Talatu, sun kwana a tsare, ta zo har ofis tana roƙo, na ce mata doka ba ta san kuka ba. Jakin Audi mai itace ma haka. Har suna aka sa mani a gari, wanda ba zan maimaita ba.

To ga masifar. Mahaifin maiɗakina mai shanu ne, gidanshi na bayan gari. Ka san ba zan iya rubuta sunanshi ba, Baba nake ce mashi. Tun da na auri 'yarshi ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi sai in sauka daga babur, in cire takalmi, in durƙusa, kuma bayan gaisuwa ban taɓa ƙara kalma ba. Rannan da hantsi na leƙa tagar ofis, sai ga shanun Baba sun baje cikin lambu, shi kuma ya shimfiɗa buzunshi a kan kujerar siminti ya miƙe ƙafa. Wallahi shi ne mutum na farko da na ga ya shaƙata a wurin. Mani maigadi ya ce shi ya buɗe ƙofa, don ba zai iya hana surukin maigida ba. Ni kuma na rufe taga na zauna ciki har shanun suka ƙoshi. Tun daga ranar kullum ne.

Abin da ya fi ɗaure mani kai, Baba ya ɗauka don shi na shuka ciyawar. Ka san al'adarmu, mai neman aure yakan tara abokai su yi wa suruki gayya a gona. Ni a lokacin ina makaranta a Zariya, ban yi ba, kuma dangin matata sun daɗe suna yi mani gori, wai hannun ɗan boko bai san fartanya ba. Yanzu Baba na zaga kasuwar Yankara yana gaya wa mutane yaron nan ya fanshi kanshi, ya kewaye mashi makiyaya da waya, har da injin ruwa da maigadi. Albarka yake sa mani a gaban jama'a. Kowace Juma'a ga ƙwaryar nono da man shanu. Maiɗakina, wadda ta sha gorin nan tare da ni, ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na yanzu ba. Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, sai ta miƙo mani fura da nonon, na karɓa na sha. Nonon kuma, tsakani da Allah, akwai kauri.

Yanzu saƙo ya zo manya za su zo buɗe lambun kafin ruwa ya sauka, da 'yan jarida da masu ɗaukar hoto. Furanni sun ƙare, kashin shanu ko'ina, wani bijimi ya karya ƙafar lilo wajen susa. Talatu ta dawo da kaskonta daidai bakin ƙofar lambun, kallona kawai take yi. In na kama shanun Baba na kai shi gaban alƙali, na tozarta dattijon da ya yabe ni a kasuwa, kuma na san a ranar matata za ta koma gidansu. In na ƙyale, aikina ya tafi. Na yi tunanin neman canji zuwa Sabuwa, tun da can ba ciyawa. Na yi tunanin in ƙirƙiri tafiya, in sa Mani ya kama su bayana. Malam, tsoro nake ji, har na rame. Me zan yi?

Naka,
Mai Gadin Ciyawa, Faskari

Mai Gadin Ciyawa, na karanta takardarka na yi dariya, daga baya na tausaya maka. Bari in fara da taya ka murna. Cikin lambunan gwamnati da nake jin labari, naka ne kaɗai ke samun baƙi kullum, ko da yake ƙafa huɗu gare su.

Kana da gaskiya ta wani gefen. Lambun amana ne, ba naka ba ne balle ka yi gayya da shi, kuma kunyar suruki tarbiyya ce, ba zan ce ka yar da ita ba. Amma Baba ma bai yi sata ba. Da rana ya zo, aka buɗe masa ƙofa, ka gani ka rufe taga, aka aiko da nono ka sha. To me kake so ya fahimta? Ko da gaske ya yarda don shi ka shuka, ko kuwa ya san komai yana morar kunyarka ne, ban sani ba. Na dai san wanda ya tsufa yana cinikin shanu bai cika yin irin wannan kuskure ba. Ko wanne ne, hanyar shanunsa aka tare, kuma ba a tambaye shi ba.

Maganar gudu Sabuwa ka bar ta. Ta sa Mani kuwa ta fi muni, don duk Faskari za a san wanda ya aike shi, sai ka haɗa cin mutunci da ragonta.

Yau ɗin nan ka gaya wa matarka, kafin ta ji a bakin rijiya. Za ta ji zafi, amma gara ta ji daga gare ka. Sannan ka tuna ba da bakinka ka nemi aurenta ba, manya ka tura. Ka sake tura su. Kawunka da wani aminin Baba su same shi a gida da goro, su gaya masa ciyawar ta gwamnati ce, kuma abincin 'yarsa a kan wannan aiki yake. Kada su je hannu rabbana. Ciyawar nan ai dole a riƙa yanke ta, to ka ware rana guda a mako masu dabbobi su zo su yanka su ɗauka, kowa da kowa. Talatu da Audi su ne na farko, kuma ka ba su haƙuri da bakinka, tun da su ba surukanka ba ne, ba abin da zai hana ka magana. Ka rubuta Kaduna a ja shinge a buɗe burtali. Ka sa wa abin dogon suna da Turanci, za su amince.

Saura mutuncin dattijo, wanda ya riga ya yi shela a kasuwa. Damina na tafe. Ka tara abokanka ku je gonarsa, ka kama fartanya da hannunka, a yi gayyar da ba a yi ba. Hannunka zai yi bororo, ƙannen matarka za su sha dariya, amma Baba zai sami labarin gaskiya da zai kai Yankara a madadin wancan.

In an yi duk wannan ka sake hango shanu sun nufo lambu, kada ka kira ɗan doka, kada kuma ka koma bayan taga. Ka sa wa ƙofa kwaɗo, ka cire takalmi, ka durƙusa a bakinta da kanka. Ka gaishe shi yadda ka saba, ba sai ka ƙara kalma ba, amma kada ka tashi. Ban taɓa ganin dattijon da ya kora shanu ta kan mijin 'yarsa yana durƙushe ba. Shi ma yana jin kunyarka, kai ne ka manta.

Allah ya bar ka da maiɗakinka, ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa manyan Kaduna su zo su yanka zarensu na buɗe lambu su koma lafiya.

Malam Gide